Sunan Jikan Abu Khalil

Lanham, Maryland
Farkon Oktoba

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwa, ya kunne? Kunnen dai na san yana nan yadda na bar shi, tun da jiya na kira ka ina ta kwarara ihu har maƙwabciya ta leƙo ta taga, kai kuma kana can Jos kana ta "Na'am? Wa ke magana?" Duk shekarun nan da aure, ka ce wa ke magana! Na haƙura da waya. Zan riƙa rubutawa, Rumasa'u ta ɗauki hoton takardar ta tura wa yayanta Munzali ya kawo maka. Ka sa tabarau, kada ka ce rubutuna ne ya lalace.

Na iso lafiya. Autarka Rumasa'u ta yi nauyi, ƙafa duk ta kumbura, amma har yanzu sai ta ja ciki ta tafi asibiti aiki. Likita ya ce namiji ne, haihuwa kuma ƙarshen wata in Allah ya yarda.

Bari in ba ka labarin abin kunyar da ya same ni a filin jirgi. Surukinka Khalil, yana hango ni sai ya taho da sauri yana "Sannu da zuwa, Mama" da Hausarsa mai kama da ta mai mura. Ban ankara ba ya cafke hannuna zai sumbata ya ɗora a goshi. Innalillahi! Suruki! A gaban jama'a! Na fizge hannuna na koma bayan Rumasa'u, har mayafina ya maƙale a keken kaya. Ita kuwa 'yar banza ta riƙe ciki tana dariya. Wai haka Falasɗinawa suke girmama manya. Na ce to su riƙe girmamawarsu, ni a bar min hannuna. Tun ranar in ya shigo falo sai in shige ɗaki, in yana tebur ba na cin abinci. Shi kuma, in ji Rumasa'u, yana ta tambayarta ko laifi ya yi min. Ka ji fa, ina yi masa kunya yana ganin ƙiyayya ce.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Malam, gidan nan ba lafiya. Ka tuna mahaifin Khalil, Malam Zakariya'u, wanda suke kira Abu Khalil, dattijon nan mai fara'a da kuka yi ta Larabci da shi ranar ɗaurin aure? Yana nan kusa, a Beltsville, shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Na ce a kai ni in gaishe shi, sai Rumasa'u ta ajiye wuƙar da take yanka albasa da ita. Ashe kusan shekara guda ke nan uba da ɗa ba sa magana.

Ga yadda abin ya faru. Bara, lokacin tsinkar zaitun, aka harbe Munzir, ɗan Najiba ƙanwar Abu Khalil, a gonarsu can ƙauyensu kusa da Nablus. Wasu ne daga cikin Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna da ke kan tudun da ke saman ƙauyen suka sauko musu. Munzir da Khalil sa'o'in juna ne, duk hutun da aka kai Khalil gida tare suke kwana tare suke tashi. Aka yi zaman makoki a gidan dattijon. Shi kuma yana da wani zama da suke yi duk wata, shekara da shekaru, Falasɗinawa da Yahudawa 'yan tsiraru, su sha shayi su tattauna yadda za a yi a zauna lafiya. Sai ɗaya daga cikinsu, wani tsohon likita Bayahude, ya zo ta'aziyya. Abu Khalil ya tashi ya tarbe shi, ya zaunar da shi kusa da shi. Khalil ya miƙe a gaban mutane ya ce wa mahaifinsa, "Shekara talatin kana shan shayi da su, ga abin da shayin ya saya mana." Ya fita, bai sake taka gidan ba.

Yanzu ga inda abin ya fi ciwo. A al'adarsu ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci, ba ma a tambaya. Khalil ya ce shi Munzir zai sa. Dattijon ya ji, ya aiko cewa ba zai zo suna ba. Rumasa'u kuka take yi a ɓoye, ta ce ba ta son ɗanta ya buɗe ido ya tarar da gidan ubansa a rabe.

Ni dai ba zan zauna ina dama kunun kanwa ina kallo ba. Uba da ɗa ne fa, ba wasu ƙasashe ba. A zaunar da su, a ba wa kowa haƙuri, shi ke nan.

Ka gaida Munzali da iyalinsa. Ka riƙa shan maganinka, na san halinka.

Taka,
Kaltume

*

Jos
Oktoba

Zuwa ga Hajiya Kaltume,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta ta da tabarau kamar yadda aka umarta. Rubutunki ne ya lalace. Gwiwa da sauƙi, kunne kuma yana jin abin da ya ga dama, kamar yadda ya saba tun kafin ya samu uzuri.

Labarin filin jirgi ya sa na yi dariya har Munzali ya kawo min ruwa. Ki sassauta wa yaron nan. Ki ce Rumasa'u ta fahimtar da shi cewa a wajenmu surukar da ta guje ka ita ce ta ɗauke ka da daraja. Ke ma ki ɗan rage gudun, shekarunki sun wuce na tsere.

Na yi baƙin ciki ƙwarai da labarin Munzir. Allah ya jiƙansa, ya ba mahaifiyarsa juriya. Ban sani ba sai yanzu, kuma na ga dalilin da ya sa Abu Khalil ya daina amsa gaisuwar Sallah da nake aika masa. Mutum mai kunya ne, ba ya son a san gidansa ya tsage.

Amma Hajiya, ina roƙonki ki bi a hankali. Na san ki, in kin ga mutum biyu sun juya wa juna baya sai hannunki ya fara ƙaiƙayi. Wannan ba faɗan kuɗin cefane ba ne. Kin manta yadda muka yi da Munzali a kan Chuwang, abokina Kirista? Bayan an ƙone mana gida a rikicin garin nan mun dawo wannan unguwa, na ci gaba da zuwa gaida Chuwang, don tare muka koyar, kuma ba shi ya kunna wutar ba. Munzali ya yi wata da watanni ba ya cin abinci tare da ni. Shi a ganinsa na wulakanta tokar gidanmu, ni kuma a ganina in na daina gaida Chuwang to masu wutar sun ƙone abu biyu. Har yau ban ce yaron ya yi kuskure ba, shi ma bai ce na yi daidai ba. Jiya ma shi ya kai ni ƙofar gidan Chuwang a mota, ya zauna a ciki yana latsa waya har na fito.

Saboda haka kada ki je da niyyar gano mai gaskiya a cikinsu. Ki je ki gaida dattijon, ki saurara, ki dawo ki rubuto min. Kada ki ƙulla komai sai mun yi shawara. Na ja layi a ƙarƙashin wannan jimla, ki duba da kyau.

Gidan ya yi shiru ba ke. Tuwon da ake kawo min ba laifi, amma ba a yi min faɗa a kansa, don haka ba ya wucewa da daɗi.

Ki shafa min kan Rumasa'u. Allah ya raba lafiya.

Mijinki,
Ɗanliti

*

Lanham
Tsakiyar Oktoba

Malam,

Sallama da gaisuwa. Na ga layin da ka ja. Na gan shi sarai, sai dai ya iso bayan na riga na ƙulla. Kada ka ce komai, na riga na faɗa wa kaina duk abin da za ka faɗa.

Mun je Beltsville ni da Rumasa'u, na kai masa dambun nama. Wayyo Malam, dattijon nan ya rame, rigarsa har ta yi masa yawa. Ya rasa inda zai sa mu don murna. Ya kawo gahawa mai ɗaci kamar maganin zazzaɓi, da burodi da man zaitun na gonarsu. Ya dubi cikin Rumasa'u ya kawar da kai, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ya ba ni labarin shekarar casa'in da uku, ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhun nan tsakanin Falasɗinawa da Yahudawa a Washington. Ya ce rufe shagonsa ya yi, ya ɗora Khalil a wuya yana ɗan ƙarami, suka je suka tsaya a bakin shingen fadar shugaban ƙasa cikin taro. Ya ce ranar har ya fara lissafin irin tagogin da zai sa wa gidan da zai gina a ƙauye. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, yaron da na ɗora a wuya don ya ga zaman lafiya, shi ne yau yake ce min wawa." Ni kuwa zuciyata ta karye, na ce yau sai na gyara wannan abu.

Sai na ce masa Khalil ya ce ya zo cin abinci ranar Asabar. Ƙarya ce, amma ai kai ka koya min cewa ƙaryar sulhu ba laifi. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Dattijo ya zo da kwat ɗinsa, an goge takalmi, da leda cike da kayan jarirai. Khalil ya shigo daga wurin aiki ya gan shi, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Nan take dattijon ya gane ba a gayyace shi ba. Ni kuma maimakon in yi shiru, sai na ajiye kunya gefe na ce, "Khalil, durƙusa ka ba mahaifinka haƙuri. Kai kuma Abu Khalil ka yi haƙuri. Abin da ya wuce ya wuce, a manta."

Malam, da ka ga fuskokinsu da na ce a manta! Su biyun lokaci guda suka dube ni, ido iri ɗaya. Dattijon ya ajiye ledar a kan kujera, ya yi min godiya, ya fita. Tuwon nan sai da muka kwana biyu muna ɗumame.

Washegari da safe ina wanke-wanke Khalil ya shigo kicin. Babu hanyar gudu, sai na juya fuskata ga bango. Ya tsaya a bayana ya yi magana a hankali, ba fushi ko kaɗan. Ya ce, "Mama, na san alheri kike nufi. Amma kalmar nan ta haƙuri tun ina goye nake jin ta. Kakana ya yi haƙuri, aka karɓe rabin gonarsa. Babana ya yi haƙuri, aka gina gidaje a kan tudunmu. Munzir ya fi kowa haƙuri, ko gardama ba ya yi, zaitun kawai ya je tsinka."

Na ce masa, ina kallon bango, mu ma an ƙone mana gida a Jos, kuma ga shi muna zaune da mutane. Ya ce, "Allah ya mayar muku da alheri, Mama. Amma da aka ƙone, kun koma wata unguwa a garinku, a ƙasarku, ba sojan da ya tsayar da ku a shinge ya tambaye ku takardar izinin zuwa gonarku. Gwaggona Najiba sai an ba ta rana kafin ta je ga itatuwan da kakanta ya dasa." Ya ce shi ba ya ƙin zaman lafiya, wa zai ƙi, ga shi zai zama uba? Amma abin da ake kira zaman lafiya yanzu shi ne su yi shiru a ci gaba da cin ƙasarsu, a riƙa ɗaukar hoton babansa yana murmushi ana cewa ga shi ana tattaunawa. Ya ce a cikin sa'o'insa, na nan da na can, da wuya ka sami wanda ya yarda zai ga ƙarshen abin nan da idonsa.

Na ce to mahaifinka fa? Can sai ya ce, "Ina son babana, Mama. Shi ya sa ba na iya kallonsa yana jira."

Ban san lokacin da na juyo na dube shi ba. Yaron nan kuka yake yi. Na miƙa masa tsumman goge kwano don shi ne a hannuna, ya karɓa ya share fuska da shi, muka yi dariya mu biyu kamar wawaye.

Ga saƙonsa gare ka. Rumasa'u ta ba shi labarin yadda muke raɗin suna, uban jariri ya raɗa wa dattijon gida sunan a kunne, dattijo ya sanar wa jama'a, a yi fatiha. Abin ya burge shi. Ya ce tun da mahaifinsa ba zai zo ba, kai yake so ka yi, ta waya, a sa ka a babban allo kowa ya gan ka. Na ce masa to Allah ya sa kada ya raɗa maka Munzir ka sanar da Munzali.

Na ɓata abu, Malam, kuma ciki ya sauka, kwanaki kaɗan suka rage. Ka faɗa min abin yi, wannan karon zan ji.

Taka mai taurin kai,
Kaltume

*

Jos
Oktoba

Hajiya,

Sallama. Ba zan ce na faɗa miki ba, tun da kin hana. Amma ki sani ba ki ɓata komai ba. Shekara guda ba wanda ya sa yaron nan ya faɗi abin da ke cikinsa sai ke da tsumman kwanonki.

Ki gaya wa Khalil na karɓi girmamawar da ya yi min, na gode, Allah ya yi masa albarka. Sai dai ki tuna masa abin da kowa ya sani: ni kurma ne a waya. Ba zan yarda a raɗa min sunan jikana in ce "Na'am?" a gaban mutanen Amurka ba. A al'adarmu kuma, wanda aka ba wa irin wannan aiki in uzuri ya hana shi, yana da ikon naɗa wakili, kuma ba a mayar da wakilin suruki. Na naɗa Malam Zakariya'u. Na rubuta masa da Larabci, Munzali ya tura.

Na san abin da za ki ce, cewa na sa dattijo ya sanar da bakinsa sunan da ya ture nasa. Haka ne, kuma na yi ta juya abin kafin in rubuta. Amma kin ga, a matsayin uba ya rantse ba zai zo ba, ɗansa kuma ba zai kira shi ba. A matsayin wakilina ba wanda ya kira wani, ba wanda ya sauko. Ƙofa ce kawai na buɗe, shiga kuma nasu ne.

In abin ya ƙi, laifin nawa ne, sai mu zama mu biyu a gidan nan masu ɓata sulhu.

Mijinki,
Ɗanliti

*

Hajiya, ga amsar Abu Khalil. Na mayar miki da ita Hausa gwargwadon iyawata.

Beltsville

Zuwa ga ɗan'uwana mai daraja, Ustaz Ɗanliti,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka da iyalanka. Takardarka ta zo min kamar baƙon da aka daɗe ana kewa. Larabcinka ya fi na jikokin ƙauyenmu tsabta, na ji kunyar nawa.

Ka yi min wayo, ya ɗan'uwana, kuma na gane. A wajenmu ma ba a mayar da amana.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa ɗana ba, don bai tsaya ya ji ba. Yana zaton ina zuwa zaman nan ne don na yarda gobe za a yi sulhu. Wallahi ban yarda ba. Na yarda a da, lokacin ina da baƙin gashi. Yanzu na san ba zan gani ba, kuma ina shakkar ko shi zai gani. Mu da muka fara zaman muna cika ɗaki, yau ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Wasu sun mutu, wasu sun yi fushi, kuma masu fushin ba su yi ƙarya ba. Sau da yawa ni da abokina likita ba ma iya kallon juna, sai mu sha shayin mu tashi.

To me ya sa nake zuwa? Saboda mutanen nan ba za su tafi ko'ina ba, mu ma ba za mu tafi ba. Wata rana, ko bayan shekara ɗari, dole wani ya zauna da wani. Ina tsoron ranar ta zo a tarar babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya san yadda ake zaman. Ba ni da bindiga, ba ni da kujerar mulki, abin da nake da shi ke nan. Likitan nan da ya zo ta'aziyya, danginsa sun daina gayyatarsa bukukuwansu saboda mu. Zan kore shi daga ƙofata ranar da ya zo yin kuka tare da ni?

Amma ɗana ma yana da gaskiya, wannan ne ke hana ni barci. Shekara talatin, ban ceci ko bishiya ɗaya ba.

Na kira ƙanwata Najiba na karanta mata takardarka. Ka san abin da ta ce? Ta ce, "Ku biyu kuna Amurka kuna faɗa a kan zaman lafiya, ni ina nan ina neman wanda zai riƙe min tsani." An ba ta kwanaki kaɗan ta tsinke zaitun bana, ita da 'ya'yanta mata. Na tambaye ta ko tana ganin za a daidaita. Ta ce ita ba ta da lokacin gani, tana da itatuwa.

Game da suna, ba zan ɓoye maka ba, ya yi min ciwo. Tun ranar da aka haifi Khalil nake jiran a kira shi Abu Zakariyya, kamar yadda aka kira ni da sunansa. Munzir ɗana ne, ni na yi masa kiran salla a kunne. Ba kishi nake da mamaci ba. Abin da nake tsoro shi ne a sa wa yaro sunan don a hukunta ni, ya tashi yana ɗauke da fushin da ba nasa ba.

Ban ce zan zo ba, ban ce ba zan zo ba. Ka yi min addu'a. Ka kuma gaya wa Hajiya ban riƙe ta da komai ba, kuma ƙanshin miyar nan ya bi ni har mota.

Ɗan'uwanka,
Zakariyya, Abu Khalil

*

Lanham
Ƙarshen Oktoba

Malam,

Albishirinka! Rumasa'u ta sauka lafiya ranar Asabar da hantsi, namiji, ƙato, da gashi cunkus. Hancin na Larabawa ne, amma bakin naka ne sak, ga shi ba ya jin kira. Uwar tana lafiya. Na fara mata wankan jego a bahon gidan, ma'aikaciyar asibiti ta ce kada ruwan ya yi zafi, na ce to, na rufe ƙofa.

Na karanta takardar Abu Khalil sau ba adadi. Na ba Rumasa'u, ta karanta wa mijinta da Turanci. Ya ɗauki jaririn ya je taga ya daɗe a tsaye.

Da na gaya masa maganar wakili ya ce, "Baba Ɗanliti ya san abin da yake yi?" Na ce tun da na aure shi ban taɓa ganin ya yi abu da gangan kamar wannan ba. Ya ce ba zai mayar da wakilinka ba, amma sunan yana nan Munzir, kuma ba don ya hukunta kowa ba. Na ce to wannan ba ni za ka gaya wa ba.

An sayi rago a wata gona wajen Upper Marlboro. Matan Hausawan nan sun yi alkawarin waina da zoɓo, dangin Khalil kuma za su kawo tasu shinkafar. Dattijon bai je asibiti ba, bai kira ba. Rumasa'u ta tura masa hoton yaron, an nuna ya gani, bai amsa ba. Duk motar da ta tsaya a waje sai ta ɗaga labule.

Suna ranar Asabar mai zuwa da safe. Ka gaya wa Munzali, ku yi ta addu'a.

Taka,
Kaltume

*

Lanham
Asabar

Malam,

Ya zo. Falo ya cika, liman ya duba agogo har ya gaji, sai ga shi da kwat ɗin nan. Bai dubi kowa ba, ya ce, "Ni ne wakilin Ustaz Ɗanliti," ya zauna.

Liman ya ce uban yaro ya raɗa wa wakili suna. Khalil ya taso daga can ƙarshen falo, ya durƙusa, ya kai bakinsa kunnen mahaifinsa. Malam, Munzir ai kalma ɗaya ce. Yaron nan ya daɗe a kunnen nan har mutane suka fara sunkuyar da kai. Ban san me ya faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga hannun dattijon ya tashi a hankali ya dafa ƙeyarsa.

Sannan ya miƙe ya ce, "Sunan yaro Munzir." Muryarsa ta karye a tsakiya, sai ya sake faɗa da ƙarfi. Aka shafa fatiha.

An kira Najiba a waya, tana cikin gona, ta ce a nuna mata shi. Dattijon ya rungumi jaririn da hannu ɗaya, waya a ɗayan, ya kasa daidaita wayar har ba ta ganin komai. Khalil ya kama hannun ya riƙe masa. Ta yi ta kiran sunan, mu kuma mata muka yi ta kuka ba kunya.

Kada ka ɗauka sun shirya a kan wancan batu. Yanzu haka suna tebur suna musu da Larabci, murya har waje, nama yana hucewa. Rumasa'u ta ce in bar su, rabonta da jin wannan hayaniya shekara guda, ta yi barcinta a cikinta.

Ka sha maganinka.

Taka,
Kaltume